Kunne Ya Ɗauke, Ɗaki Yana Juyawa: Awo Za A Fara Ko Magani?

Mutum ya kwanta lafiya ƙalau, da asuba ya farka ya tarar kunnensa ɗaya ya ɗauke. Kiran salla ta ɓangare guda kawai yake shigar masa, ɗaya ɓangaren kuwa sai wata ƙara da ba ta tsayawa. Ya yunƙura zai tashi alwala, ɗaki ya juya da shi, amai ya taso, ƙafa ta ƙi ɗaukarsa. Wannan ba jirin yunwa ba ne, ba kuma duhun nan da kan rufe ido idan an miƙe tsaye da sauri ba. Hajijiya ce sosai, wadda mai ita ke ganin bango da rufi suna zagaya shi ko da yana kwance.

Likitoci suna cewa ji ya ɗauke farat ɗaya idan ya ragu da desibel 30 ko fiye, a matakan sauti uku da ke jere, cikin kwana 3, kuma laifin ba na dattin kunne ko ruwan da ya taru a bayan dodon kunne ba ne, na can ciki ne ko na jijiyar ji. Ƙa'idojin da ƙungiyar likitocin kunne, hanci da maƙogwaro ta Amurka ta sabunta a 2019 sun ce cutar tana samun mutum 5 zuwa 27 cikin kowane 100,000 a shekara, kuma kashi 30 zuwa 60 cikin 100 na masu ita suna haɗawa da jiri. A wajen mutum 9 cikin 10 ba a gano musabbabinta, ko da an yi bincike.

Ina so in auna maganar nan a Gedambaliya da ƙauyukan da ke kewaye da ita, yamma da birnin Gadarif a gabashin Sudan, domin a irin wannan wuri ne tambayar take da nauyi. A nan aka fara noman damina da tarakta a Sudan a tsakiyar shekarun 1940, kuma har yau dawa da riɗin jihar Gadarif su ne abin da ake kwatance da su a ƙasar. Hausawa, jikokin mahajjatan da suka bi hanyar Makka da ƙafa da na waɗanda suka yi hijira gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, suna cikin masu noma da ƙwadago a jihar. Ƙasar baƙar laka ce, da rani ta tsattsage, da damina ta riƙe tayar mota ta hana fita kwana da kwanaki. To idan manomi, ko direban tarakta, ko matar gida a can ta wayi gari da kunne a toshe da ɗaki yana juyawa, shin wajibi ne a tura ta a auna sashen daidaiton jiki na kunnenta da na'ura, ko kuwa ɓata lokaci da kuɗi ne kawai?

Sai an san ginin kunnen ciki sannan za a gane abin da ake jayayya a kai. A cikin ƙashin da ke bayan dodon kunne akwai katantanwar ji, wadda ke mayar da sauti saƙon jijiya. A jikinta kuma, cikin ruwa ɗaya da ita, akwai gaɓoɓi biyar na daidaito: bututu uku masu lanƙwasa da ke gane juyawar kai, da jakunkuna biyu masu ƙananan tsakuwoyi da ke gane karkata da tafiya gaba ko sama. Jijiyar jini guda ɗaya siririya ce ke ciyar da su duka, kuma ba ta da mataimakiya. Idan ta toshe, babu wata hanyar da jini zai zagayo ta ita. Shi ya sa abin da ya taɓa ji yakan taɓa daidaito.

Hanyoyin auna waɗannan gaɓoɓi sun daɗe ana tara su. Robert Bárány, likitan kunne a birnin Biyana, ya lura cewa ruwan da ya fi jiki sanyi ko ɗumi, idan aka zuba shi a kunne, yana sa ƙwayar ido ta riƙa fizga. Wannan aiki ne ya ba shi kyautar Nobel ta 1914, labarin kuwa ya same shi yana fursunan yaƙi a hannun Rasha. Har yanzu ana yin gwajin da ruwa mai zafin digiri 30 da mai digiri 44. A 1988 Halmagyi da Curthoys, a birnin Sidni na Ostireliya, suka nuna cewa idan mara lafiya ya kafa ido a hancin likita, aka juya kansa da sauri kaɗan, ido zai zame ya dawo da fizga idan ɓangaren da aka juya wa ya lalace. Daga baya aka ƙera tabarau mai kyamara da ke auna wannan zamewar a bututun shida na kunnuwa biyu. Akwai kuma gwajin da ake buga sauti mai ƙarfi a kunne a auna martanin tsokar wuya da ta ƙarƙashin ido, wanda ke nuna lafiyar jakunkunan nan biyu.

Masu cewa a auna suna da hujja mai ƙarfi, kuma ba daidai ba ne a ɗauke su a matsayin masu son na'ura kawai. Hujjarsu ta farko ita ce gaskiyar da za a faɗa wa mara lafiya. An daɗe da sanin cewa wanda ɗaukewar jinsa ta zo da hajijiya bai cika samun dawowar ji kamar wanda tasa ta zo ita kaɗai ba. Bincike daga ƙasashe da dama ya ƙara da cewa yawan gaɓoɓin daidaito da suka lalace yana tafiya da ƙarancin warkewa, kuma lalacewar bututun baya ita ce ta fi zama muguwar alama. Dalilin yana cikin tsarin jini: reshen da ke ciyar da katantanwar ji shi ne ke aika jini ga bututun baya da ɗaya daga jakunkunan, don haka idan su ukun suka mutu tare, zato yakan tafi ga toshewar jijiyar jini. Masu wannan ra'ayi suna cewa a ƙasar da iyali ke sayar da buhunan riɗi da tumaki suna yawon asibiti da masu magani wata da watanni, sanin cewa kunnen nan da wuya ya dawo taimako ne babba. Zai sa a daina kashe dukiya a kan abin da ya tafi, a koma kiyaye kunnen da ya rage daga ƙarar tarakta da injin niƙa da magungunan da ke cutar da ji.

Hujjarsu ta biyu ta fi ta farko shiga raina. Ji a kunne ɗaya idan ya tafi, mutum yana iya ci gaba da noma. Daidaito idan ya tafi, sana'a ce ta tafi. Wanda gaɓoɓin daidaitonsa suka lalace ido da tafin ƙafa yake dogara da su, don haka yakan fi shan wahala cikin duhu da kan ƙasa mara shimfiɗa. Rayuwar Gedambaliya kuwa a nan take: tafiya da asuba kan laka mai rami, hawa bayan babbar mota a ɗora buhu, ɗaukar ruwa a ka daga hafira, wato tafkin tara ruwan sama, tuƙin tarakta da dare lokacin shuka. Likitan da zai ce wa direba ya koma bakin aiki, ko ya dakata, yana bukatar ya san abin da ya rage masa. Haka ma mai koya wa mara lafiya motsa kai da ido don ƙwaƙwalwa ta saba da rashin, irin atisayen da Cawthorne da Cooksey suka fara a Ingila a shekarun 1940, ya fi sanin inda zai dosa idan ya san gaɓar da ta mutu.

Suna kuma tuna mana cewa ba kowace hajijiya mai zuwa da toshewar kunne ce iri ɗaya ba. Akwai cutar da Prosper Ménière ya bayyana a Faransa a 1861, mai zuwa tana komawa, ji yana sauka yana hawa. Akwai tsakuwoyin jaka da kan zame su faɗa cikin bututu, su riƙa kawo hajijiya ta 'yan daƙiƙoƙi duk lokacin da mutum ya juya a shimfiɗa, wannan kuwa ana mayar da su da juya kai kawai, ba ƙwaya ba allura. Sannan ga magunguna. Jihar Gadarif tana cikin wuraren da cutar kala'azar ta fi ƙamari a duniya, maganin da aka daɗe ana bayarwa na kwana 17 kuwa ya haɗa da allurar faromomaisin, 'yar gida ɗaya da jentamaisin da sitireftomaisin, dangin da aka sani da taɓa kunne. Kwinin na zazzaɓin cizon sauro shi ma yana kawo ƙarar kunne da raguwar ji, ko da yake yawanci yakan wuce idan an daina sha. Illar magani ta fi kama kunnuwa biyu tare, a hankali, kuma awo yana taimakawa a raba ta da cutar kunne guda. Daga ƙarshe sai su ce, kuma da gaskiyarsu, talaucin wuri ba dalili ba ne na a yanke wa mutanensa rabin likitanci har abada.

Masu cewa a bar awon, ko a jinkirta shi, tambaya ɗaya suke farawa da ita: idan sakamako ya fito, me zai canja a maganin yau? Amsar gaskiya ita ce, a mafi yawan lokuta, ba komai. Ko bututu ɗaya ne ya lalace ko gaɓoɓin biyar duka, babban abin da likita zai iya yi wa jin guda ne, wato maganin rage kumburi na dangin sitiroid, kamar firedinisolon, na mako ɗaya zuwa biyu sannan a riƙa ragewa. Ƙa'idojin Amurka na 2019, na ƙasar da ba ta rasa na'ura ba, abin da suka nanata shi ne a tabbatar da cutar da awon ji cikin kwana 14, a ba da maganin cikin mako 2 na farko idan za a bayar, a yi allurarsa ta dodon kunne tsakanin mako 2 zuwa 6 ga wanda bai samu sauƙi ba, a kuma yi hoton maganaɗisu ko awon jijiyar ji don kada a bar ƙari yana girma a kan jijiya. Awon daidaito da na'ura ba ya cikin abubuwan da suka wajabta. Duk manomin Gadarif ya san riɗi idan ya nuna ba ya jiran kowa, ka makara da yanka kwanaki kaɗan kwanson ya fashe ya zube a ƙasa. Lokacin ceton kunne ma haka yake, kuma kowace rana da aka kashe ana neman inda na'ura take daga cikin waɗannan kwanakin ake cire ta.

Ina na'urar take ma? Kafin yaƙi ƙwararrun likitoci da manyan kayan aiki na Sudan a Khartum suka taru, tafiyar kilomita fiye da 400 daga Gadarif. Daga 15 ga Afrilu 2023, ranar da yaƙi ya ɓarke a Sudan, wannan ƙofa ta rufe. Wad Madani, inda likitoci da marasa lafiya da yawa suka koma, ta faɗa cikin faɗa a Disamba 2023, sojojin gwamnati ba su sake karɓe ta ba sai a Janairu 2025. Gadarif ta karɓi dubban ɗaruruwan waɗanda suka rasa muhalli, ƙari a kan 'yan gudun hijirar Habasha da ke sansanoni kamar Um Rakuba tun ƙarshen 2020, ga kwalara da ta ɓarke a jihar a Satumba 2023. Ko ba yaƙi ma ƙarancin tsoho ne. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya kan ji na 2021 ya ce a cikin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, kashi 78 cikin 100 ba su da ko likitan kunne ɗaya ga kowane mutum miliyan, kashi 93 kuma ba su da masanin awon ji ɗaya ga miliyan. Wanda ke rabon ɗan kuɗin lafiya a irin wannan hali, idan ya ce ruwan da ake ɗaura wa masu kwalara ya fi tabarau mai kyamara gaggawa, ba wanda zai ce ya yi zalunci.

Sannan gwaje-gwajen kansu ba su da cikar da ake zato. Zuba ruwa a kunne hajijiya yake tayarwa da gangan, kuma yi wa wanda ke amai tun asuba haka azaba ce. Bayan wahalar ma, bututu ɗaya kawai yake aunawa daga cikin gaɓoɓi biyar, ba kuma shi ne bututun bayan da aka fi damuwa da shi ba, don haka yana iya fitowa lafiya alhali ɓarna na nan. Gwajin tsokar wuya yakan raunana ga tsofaffi ko da lafiyarsu ƙalau, kuma ɗan ruwa a bayan dodon kunne ya isa ya ɓata shi. Duk suna son wutar lantarki tsayayya da hannun da ya saba. Batun hasashe kuwa, masu wannan ra'ayi suna cewa zurfin ɗaukewar jin a takardar awo, da shekarun mutum, da kasancewar hajijiyar kanta, sun riga sun faɗi mafi yawan abin da na'ura za ta faɗa. Abin da ya saura lokaci ne zai nuna, tunda kashi ɗaya cikin uku zuwa biyu cikin uku na masu cutar suna samun sauƙi da kansu, galibi a makonni biyun farko.

Amma akwai rami a ƙarƙashin wannan ra'ayi, kuma tilas a faɗe shi. Idan aka ce magani ne gaba, mutane da yawa za su ji cewa a je kemis a sayi ƙwaya. Shaidar amfanin sitiroid a wannan cuta ba ta da ƙarfin da ake so, shi ya sa ƙa'idojin suka ce likita yana iya bayarwa, ba su ce dole ba. Illarsa kuwa tabbas ce. Yana ɗaga sukari da hawan jini, yana raunana garkuwar jiki, kuma a yankin da tarin fuka da kala'azar ke ɓuya a jikin mutane wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ba shi ga wanda dattin kunne ne kawai ya toshe shi cutarwa ce zalla. Ashe ko mai gaggawar magani ba shi da mafita sai ya duba. A leƙa cikin kunnen da fitila. A sa mara lafiya ya rufe baki ya yi gunji a hanci: idan ya fi jin sautin a kunnen da ya toshe, matsalar ta waje ce ko ta tsakiya, idan kuwa sautin ya gudu zuwa kunne mai lafiya, ta can ciki ce, kuma agogo ya fara tafiya. Wannan ba ya cin ko fam ɗaya.

Inda muhawarar take juyawa gaba ɗaya, a ganina, shi ne batun shanyewar jiki. Jijiyar nan siririya da ke ciyar da kunnen ciki, a yawancin mutane, reshe ce ta wata jijiya da ke kai jini ga ƙaramar ƙwaƙwalwa ta ƙeya da tushen ƙwaƙwalwa. Idan uwar jijiyar ta fara toshewa, kunne yakan riga kowa kuka. Wani bincike daga Koriya ta Kudu da aka buga a 2009, kan mutum 82 da wannan jijiya ta toshe musu, ya samu kashi 60 cikin 100 sun rasa ji da daidaito tare, wasunsu kuma alamun kunnen sun zo musu kwanaki ko makonni kafin babbar ɓarnar. Wato dattijo mai hawan jini ko ciwon sukari da ya zo da kunne a toshe da hajijiya, ana iya sallamarsa da maganin jiri, bayan kwana kaɗan a dawo da shi baki ya karkace.

Masu son awo sukan ɗauki wannan a matsayin babbar hujjarsu. Ni ina ganin tana yanka ta ɓangare biyu. A irin wannan toshewar kunnen ciki da gaske ya lalace, don haka gwajin ruwa da tabarau mai kyamara za su ce laifin na kunne ne, kuma ba su yi ƙarya ba, sai dai ba su faɗi sauran labarin ba. Likitan da ya karanta takardar ya saki jiki ya fi wanda ba shi da takardar shiga haɗari. Hoton maganaɗisu ma ba ya wanke mutum da wuri. A 2009 Kattah da Newman-Toker da abokan aikinsu a Amurka suka duba mutum 101 masu hajijiya mai tsanani da haɗarin shanyewar jiki, da gwaji uku na ido da hannu da ake kira HINTS: juya kai da sauri, duba ko fizgar ido tana canja alƙibla idan an kalli dama da hagu, da rufe ido ɗaya bayan ɗaya a ga ko wani yana hawa ko sauka. Gwajin bai kuskure ko mutum ɗaya mai toshewar jijiya ba, alhali hoton maganaɗisu na farko ya kuskure kashi 12 cikin 100, dukkansu cikin awa 48 na farko. A 2013 aka ƙara abu na huɗu a kan ukun, wato sabuwar ɗaukewar ji, aka ce a lissafa ta cikin alamun da ke sa a yi zargin ƙwaƙwalwa. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Abin da ya fi ceton rai a ranar farko yana cikin ido da hannun ma'aikacin lafiya, da tambayoyin da zai yi, da sa mara lafiya ya miƙe a ga ko zai iya tsayawa shi kaɗai.

Kada in sauƙaƙa abin fiye da yadda yake. Waɗanda suka yi gwajin a binciken 2009 ƙwararru ne a cututtukan ido da jijiya, kuma nazarin da ya biyo baya ya nuna cewa a hannun wanda bai samu horo ba, gwajin yana rasa kaifinsa sosai. Fizgar da ake nema tana wucewa cikin ƙiftawar ido. A nan masu son na'ura suke da gaskiya ta ƙarshe: tabarau mai kyamara yana kama abin da idon sabon ma'aikaci ke kuskurewa, yana kuma ajiye hoton da wani zai sake dubawa. Sai dai tsakanin tabarau mai tsada da rashin komai akwai wayar hannu. Bidiyon idon mara lafiya na rabin minti, da aka ɗauka a ɗakin shan magani na ƙauye aka tura wa likita a Gadarif ta WhatsApp idan layi ya samu, ya fi a ɗora mai amai a bayan mota a kan zato. Ba zai maye gurbin horo ba, amma zai rage kuskure.

Hukuncina ke nan. A kan lokaci ina tare da masu cewa kada a jira na'ura, a kan hakki kuma ina tare da masu cewa mutanen karkara sun cancanci a auna su. Ranar farko ta duba ce da hannu: leƙa kunne, gwajin gunji, awon jini da sukari, tambayar allurai da ƙwayoyin da aka sha a makonnin baya, duba ido, tsayuwa da tafiya. Wanda ya kasa zama ko tsayawa ba tare da an riƙe shi ba, ko maganarsa ta sarƙe, ko yana ganin abu biyu-biyu, ko fuska ta karkace ko ta yi sanyi, ko ciwon kai mai tsanani ya kama shi a ƙeya, ko kuma dattijo ne mai hawan jini ko sukari, wannan babban asibiti ya nufa a ranar, ko da laka ta kai gwiwa. Sauran a kai su ga likitan da zai yanke shawarar sitiroid cikin kwanakin farko, a auna jinsu kafin mako 2 ya cika, a sake aunawa bayan magani. Awon daidaito da na'ura ya zo daga baya, ga wanda makonni suka wuce bai daina tangaɗi ba, da wanda hajijiyar ke dawo masa, da wanda aka yi wa allurai masu taɓa kunne, da wanda abincinsa ke kan sitiyari ko kan tsani. A wajensu sakamakon yana canja abin da za a yi, don haka kuɗin motar bai tafi a banza ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ina kira ga ma'aikatar lafiya ta jihar Gadarif da tsangayar likitanci ta Jami'ar Gadarif da su sa wannan duba na ido da hannu cikin horon mataimakan likita da ma'aikatan jinya da ke ƙauyuka, domin su ne mara lafiya ke fara gani. Jihar da ta iya kai gwaji da maganin kala'azar har Doka da Tabarak Allah za ta iya kai wannan. Idan an zo sayen kaya, na'urar awon ji mai aiki da mai sarrafa ta a asibitin koyarwa na Gadarif ita ce ta farko, tabarau mai kyamara ya biyo baya, sauran su jira. Wannan jeri bai tsaya ga Sudan ba. A Nijeriya akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna tun 1999, amma mutumin ƙauyen Katsina ko Sakkwato nisansa da ita bai bambanta sosai da na ɗan Gedambaliya da Khartum ba, ga zazzaɓin Lassa da ke barin kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka warke da raunin ji, ga sanƙarau da muke fama da shi daga Sakkwato har Gadarif.

Kai kuma mai karatu, idan kunnenka ko na wani naka ya ɗauke farat ɗaya, kada a tsaya ɗiga mai a ciki ana jiran ya buɗe da kansa. A yi addu'a a kama hanya. Ƙwayar jiri irin su Stugeron tana kwantar da amai, amma ba ta dawo da ji, kuma shan ta fiye da kwana 3 yana jinkirta sabawar ƙwaƙwalwa. A je asibiti a ranar, a faɗa wa ma'aikacin lafiya sa'ar da abin ya fara da duk maganin da aka sha kafin nan, a kuma roƙe shi ya duba ido kafin ya rubuta takarda.